Kurkunun Mutumin Aujara

Abin da ake faɗa game da ƙafar mutumin Aujara ba haka yake ba. Ana cewa kurkunu ya tsinke a hannun Yaya, ƙafa ta kumbura har ana tunanin ba za ta ƙara takawa ba, sai ni da na yi karatu na tsaya da magani da addu'a, Ubangiji ya ji, mutum ya tashi. Haka ake faɗa a majami'armu, haka kuma matan da ke zuwa tallan dabino daga Dutse suka ɗauka suka kai gaba. Ƙafa dai ta kumbura. Mutum ya tashi. Ubangiji kuma ya ji, wannan ba na shakka. Amma a hannuna abin ya tsinke.

Mu asalinmu Maguzawa ne. Ƙauyenmu yana tsakanin Dutse da Aujara, inda duwatsu suke ƙarewa jigawa ta fara. Gida bakwai ne a cikinmu suka karɓi bishara, tun lokacin da Turawan mishan suka samu izini da ƙyar daga Kano suka kafa ɗakin magani a bakin gari. Baturiyar da ta fara zama ba ta daɗe ba, zazzaɓi ya mayar da ita, amma kafin ta tafi ta sa aka kai ni makarantar kwana ta 'yan mata can gaba da Zariya. Shekara tara na yi, har na taka sakandare, abin da ba a taɓa jin mace ta yi ba a wajenmu. Na dawo ƙarshen bazarar bana. Jirgin ƙasa ya sauke ni Ringim, aka haye da ni kogi, na ƙarasa gida a kan jaki, da akwatin ƙarfe da takalmi da takardar shaida naɗe cikin ƙyalle. Duk hanya ina ta hango yadda za a tarbe ni a ɗakin maganin nan. Ni a zatona wurin jirana yake.

Ba jirana yake ba. Akwai Malam, mai bisharar da aka turo mana daga ƙasar Zazzau, shi ke riƙe da mabuɗin magani, shi ke tsaga ƙurji, shi ke wa'azi ran Lahadi. Sannan akwai Yaya. 'Yar wan babana ce, ta girme ni da fiye da shekara goma, mijinta ya rasu ya bar mata 'yan mata biyu ƙanana. Ba ta san baƙi ko ɗaya ba. Ba wanda ya ɗauke ta aiki. Da shara ta fara, da wankin bandeji, har ta kai in ba ta nan marasa lafiya sai su zauna gindin tsamiyar da ke ƙofar ɗakin su ce za su jira.

Da damina ta faɗi kurkunu ya tashi, kamar kowace shekara, daidai lokacin da mutum ya fi bukatar ƙafarsa. Nan na ga abin da ya sa ake jiran Yaya. Takan tsoma ƙafar cikin ƙwaryar ruwan sanyi har kan tsutsar ya leƙo, fari siriri kamar zare, ta kama shi ta naɗe a jikin tsinken kara. Ta shafa man gyaɗa, tana murza naman a hankali daga sama zuwa ƙasa, sannan ta juya tsinken sau ɗaya, in an yi sa'a sau biyu. Da ta ji ya cije sai ta tsaya, ta ɗaure tsinken a jikin ƙafar da bandeji, ta ce wa mutum sai gobe. Haka kullum, wani sati uku, wani wata guda da ɗoriya. In aka ja da ƙarfi ya tsinke, ragowar yakan koma ciki ya mutu, ƙafa ta ɗauki ruwa, wani ma gwiwarsa ta sandare ke nan har ya koma ga Allah. Kowa a yankin ya san bai taɓa tsinkewa a hannun Yaya ba.

Ni kuwa aka ba ni karanta Turancin da ke jikin kwalabe, da haɗa ruwan maganin nan mai kama da galura da ake wanke gyambo da shi, da karatun Littafi ran Lahadi. Ana yaba karatuna. Tsofaffi kan ce muryata kamar ta Baturiyar da ta tafi. Amma ba wanda ya taɓa ɗingisowa daga nesa yana tambayata. Ina tsaye da farar rigata, mutum zai wuce ta gabana har ya goge ni, ya je ya zube gaban matar da zaninta ke warin mugunya.

Har addu'arta ina jin haushi. Kowace safiya kafin a fara aiki mukan tsaya gindin tsamiya mu yi addu'a, Musulmin da suka zo neman magani su matsa gefe su yi shiru har mu gama. In ranar tawa ce nakan jero kalmomi yadda aka koya mana a makaranta, har sai na ga Malam ya fara sauya ƙafa. In ranar Yaya ce sai ta ce, "Ubangiji, ga ƙafafu nan, ka gani. Gonaki na can suna jira. Ka taimaka mana, cikin sunan Yesu." Shi ke nan, kamar mai aiken maƙwabci ta kan danga. Kuma ƙafafun su warke. Ni ma ina da tawa gajeriyar addu'ar, wadda ba na yi a gaban kowa: Ubangiji, ka sa a san da ni a wurin nan. Na yi ta ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba.

Mutumin Aujara ba cikin Aujara yake ba, wata 'yar unguwa ce kafin a kai, amma haka muke kiransa. Musulmi ne, ya haura hamsin, gajere, bakinsa ba ya hutawa. Ɗansa namiji ɗaya ne, kuma yana cikin waɗanda aka ɗiba aikin tilas na haƙar kuza. Matarsa tana jego, sauran yaran mata ne ƙanana. Gonar geronsa ya shuke ta da ƙafa ɗaya, tsiro ya fito, noman fari ya matso, kuma in ba shi ba, babu mai riƙe fartanya a gidan. Kurkununsa a saman idon sawu yake. Kullum da safe yakan zo a kan jaki. Yaya yake kira 'yata, ni kuma Baturiya.

"Baturiya, ina kwana? Yau ma da takalmin aka kwana?"

"Lafiya lau, Baba. Miƙo ƙafar in gani."

"A'a, ke dai karanta mini kwalba. Ƙafa ta 'yata ce."

Yaya ta ce, "Baba, ka bar ta ta gani mana. Ta fi ni saninsa, a takarda ta karanta shi."

"To shi kurkunun ya iya karatu ne?"

Aka kwashe da dariya, har da Malam. Ni ma na buɗe haƙora, amma ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Yana cikin sati na biyu Malam ya tafi Ringim karɓo akwatin magani daga jirgi, tafiyar da sai ya kwana biyu. Washegari da sassafe aka zo daga wata ruga kiran Yaya, wata mata tana kan gwiwa tun jiya haihuwa ta ƙi. Tana ɗaura ɗankwali tana yi mini bayani.

"Auta, su huɗu ne masu tsinke. Ki jiƙa, ki shafa mai. In ya biyo, juyi ɗaya. In ya cije ki ƙyale shi, ba gudu zai yi ba."

"Na sani, Yaya."

"Na san kin sani. Hannunki nake gaya wa."

Da masu tsinken suka ji ba ta nan, uku suka ce a wanke musu bakin ciwon kawai, juyi sai ta dawo. Mutumin Aujara ma haka ya ce, amma na ga yana ta duban gabas. An yi ruwa shekaranjiya, kuma duk wanda ya tashi a gidan noma ya san abin da ciyawa ke yi bayan irin wannan ruwan. Da gangan na taɓa masa wurin.

"Baba, kai za ka jira Yaya, ciyawa kuwa ba ta san ta ba."

Ya sake duban gabas. Can ya ce, "To, Baturiya, bismilla. Amma a hankali, ƙafar aro ce."

Na jiƙa, na shafa mai, na murza yadda na ga ana yi. Na juya tsinke, ya biyo. Na sake juyawa, ya sake biyowa, sumul, ba gardama. Mutane suka matso. Wata tsohuwa ta ce, "Ikon Allah, kun ga abin da boko ke yi." Na juya na uku. A nan ya cije, kuma na ji shi sarai a yatsuna, kamar zaren da ya kai ƙarshen ja. Ba rashin sani ba ne. Abin da ya zo mini shi ne, in na fitar da shi duka yau, a gaban mutanen nan, aikin sati uku a safiya ɗaya, Yaya za ta dawo ta tarar da labari. Na ƙara rabin juyi.

Kurkunu ba ya yin ƙara in ya tsinke. Sai dai na ji tsinken ya yi sakayau a hannuna, na ga bakin zaren ya shige cikin ciwon ya ɓace. Mutumin ya ɗan zabura ya ce wani abu ya tsikare shi. Na ce magani ne. Na dafe wurin da babban yatsa, na kwantar da tsinken inda yake, na naɗe da bandeji da sauri, har ninki huɗu. Ba wanda ya gani. Ya hau jakinsa yana cewa ashe Baturiya ma ana iya ba ta amanar ƙafa.

Washegari Yaya ta dawo, ta zauna a kan kujerarta ta 'yar tsugunno, ta ɗora ƙafar kan cinyarta ta fara kwance bandeji. Ina tsaye bayanta da kwanon ruwan magani. Tana cire ninki na ƙarshe tsinken ya faɗo cikin tafin hannunta, da busasshen guntun a naɗe. Wurin ya riga ya yi ja, ya yi ƙyalli. Ta daɗe tana kallon tsinken. Ta san iyakar abin da ta bari a jikinsa, ta kuma ga abin da ya ƙaru. Ba ta waiwayo ba.

"'Yata, me ya faru?"

"Ya tsinke, Baba."

"Yanzu? A hannunki?"

"Ga shi a hannuna kana gani."

Ya yi salati a hankali. Mutanen gindin tsamiya suka kalli juna. Ni kuwa ina riƙe da kwano, bakina a rufe. Ina da lokacin da zan yi magana, ya fi ƙarfin numfashi goma. Ban yi ba.

Kafin kwana uku kumburi ya kai gwiwa, zazzaɓi ya rufe shi, jaki ma ba ya iya hawa. Aka kwantar da shi a bukkar da ke bayan ɗakin magani. Da Malam ya dawo ya duba, ya latsa, sai ya fito ya tsaya yana kallon ƙasa. Asibitin Kano ya yi nisa ga mutumin da ba ya iya zama, ga kogi ya kawo. Ya ɗauko wani littafin magani na Turanci da Baturiyar ta bari, ya miƙo mini ya ce in duba ko akwai abin da ya wuce shi. Akwai. An rubuta a riƙa gasa wurin da tsumma da ruwan zafi mai gishiri, sau uku a rana, a ɗaga ƙafar sama, kada a tsaga sai ruwan ya taru wuri ɗaya, kuma a riƙa lanƙwasa gwiwa ko mai ciwo yana kuka, don kada ta sandare.

Na karɓi aikin, kuma ba wanda ya isa ya karɓe shi daga hannuna. Ni ke hura wuta, ni ke gashi, ni ke kwashe abin da ya amayar, ni ke kai masa ruwan alwala ya yi sallarsa daga kwance. Farar rigata ta koma kalar toka. Mutane suka ce ba su taɓa ganin tausayi irin nawa ba. Tsoro ne. Kwanakin farko addu'ata ma ta tsoro ce: kada a gane, kada Yaya ta faɗa wa Malam. Sai wata rana da azahar zazzaɓin ya hau masa kai, ina matse tsumma na ji yana kiran ɗansa da ke wajen kuza, yana cewa ya fara ta kunyoyin gabas, can ciyawa ta fi yawa, ya yi sauri kafin harkiya ta kama. Ya yi ta maimaitawa. Na fita bayan bukka na durƙusa cikin taɓo. Duk kalmomin makaranta suka gudu. Abin da na iya cewa kawai, "Ubangiji, ni na yi. Kada ka ɗora masa." Daga ranar ita kaɗai nake yi.

Yaya kuwa, tun ranar da aka kwantar da shi, da ta gama juyin safe sai ta saɓa fartanya ta kama hanyar Aujara. Tafiya ce mai kyau, sai rana ta take take isa. Mu matanmu suna noma tun kakanni, kowace mace da gayaunarta, ita ce abincinta da na 'ya'yanta in hatsin gandu ya ja baya. A unguwar mutumin kuwa mata ba sa fita noma, don haka aka yi ta fitowa kallon Bamagujiya a duƙe cikin gonar Musulmi. An ce har yara suna bin ta da waƙa. Kwana huɗu ita kaɗai. Ran na biyar mata biyu daga majami'a suka bi ta. Daga nan kunya ta kama maƙwabtansa, suka kira gayya suka ƙarasa abin da ya rage a wuni ɗaya. Gonar ta fita. A cikin kwanakin nan gayaunar Yaya, wadda nake wucewa ta gefenta kullum in zan je rijiya, harkiya ta shanye ta. Da ta samu komawa kanta, geron ya riga ya yi rawaya ya tsaya iya gwiwa.

Gindin tsamiya kuma magana ta juya. Ba wanda ya ce wa Yaya komai a fuska, sai dai na fara jin, "An ce hannun nata ya fara sanyi." Wata safiya wata mata daga wajen Kiyawa ta sauko daga jaki, ta dubi Yaya, ta dubi Malam, ta ce, "Ina Malamar nan da ta yi karatu? Wurinta aka turo ni." Zan faɗi gaskiya, daɗi na ji, har cikin ƙashina. Mutum yana kwance a bayan ɗaki saboda ni, amma na ji daɗi. Na zauna na karɓi ƙafarta. Rabin juyi na yi na ɗaure. Duk waɗanda suka dawo wurina haka na yi musu, don yanzu ina jin tsoron tsinke kamar maciji, kuma ko ɗaya bai tsinke ba. Sai aka ce ga shi nan, hannun mai ilimi daban ne.

Na samu abin da na roƙa. To me ya hana ni sakewa? Yaya ce. Ina jira in ga ta ji ciwo. Ina jira ta harare ni, ko ta ƙi amsa gaisuwata, ko ta ja ni bayan ɗaki ta zage ni tas, in samu abin riƙewa. Sai ta dawo daga hanyar Aujara da la'asar, ƙafafu duk taɓo, tana 'yar waƙarta ta majami'a a hanci, ta leƙa bukka ta ce, "Auta, sannu da aiki. Ya jikin Baban?" Na ƙwace mata marasa lafiya, na ƙwace mata suna, amma abin da ya sa take iya wannan waƙar ban san ma inda take ajiye shi ba, balle in ɗauka. Hassadar da na zo da ita daga Ringim wasa ce a kan wadda na ji a kwanakin nan.

Cikin sati na uku ruwan ya taru ƙasan gwiwa. Malam ya tsaga. Abin da ya fito ya kusa cika ƙaramin kwano, da guntayen mataccen kurkunun a ciki. Kwana biyu bayan haka zazzaɓi ya sauka, mutumin ya farka ya ce a ba shi fura. Na ci gaba da lanƙwasa masa gwiwa safe da yamma, yana cije leɓe yana cewa, "Baturiya, a makarantar taku har da mugunta ake koyarwa?" Ya tashi da sanda. Kafin a gama noman maimai ya taka da ƙafarsa har gona. Ran Lahadi Malam ya tsaya gaban jama'a ya ce mun roƙa an ba mu, muka yi waƙar godiya, kuma na yi ta da dukan zuciyata, don na san abin da na roƙa a bayan bukka, na kuma san ba don na cancanta aka amsa ba. Sai Malam ya ƙara da cewa Ubangiji ya yi aikin ne ta hannun 'yarmu da ya dawo mana da ita daga makaranta. Kowa ya juyo yana kallona. Yaya ma ta juyo, tana murmushi.

Shekaranjiya, da aka fara shigo da gero, sai ga mutumin Aujara da jakinsa, dami biyu a kai da zakara a rataye. Ya sauke a gabana.

"Baturiya, ga ladan mugunta. In ba don ke ba da yanzu ina jan gindi a kasuwa."

Sannan ya juya wurin Yaya, ya ciro goro biyu daga aljihu ya ba ta. Ya sassauta murya, irin ta mai son ya kwantar wa mutum da hankali.

"'Yata, kada ki sa komai a ranki. Kuskure ne, kowa yana yi. Kin ma rama da noma, har kin zarce. Ni na yafe tun tuni."

"Na gode, Baba," in ji Yaya. "A gaida mai jego."

Wato har noman da ta yi, a wurinsa biyan laifi ne. Na ji kamar in kurma ihu. Bayan ya tafi Malam ya kira ni ya ce Lahadi mai zuwa ce godiyar kaka, kowa zai kawo abin da gonarsa ta bayar, yana so in tashi in ba da shaida a kan ƙafar nan, don ƙarfafa masu bi.

Na tarar da Yaya a gayaunarta tana yankan abin da ya samu. Zangarniyar ƙanana ne kamar yatsu. Abin da ta tara tun safe bai kai dami ba.

"Yaya, kin san ni ce."

"Na sani mana. Juyi uku da rabi."

"To me ya sa kika yi shiru?"

"Wa ya tambaye ni wa ya juya? Cewa ya yi a hannuna yake, kuma a hannuna yake." Ta jefa zangarniya cikin kwando. "Ke sabuwa ce, Auta. Da an ce ke ce, ba mai ƙara miƙo miki ko ɗan yatsa. Tsofaffin garin nan kuma su ce ga abin da makaranta ke yi wa 'ya mace. Ni ina da biyu a ɗaki da nake so su tafi."

"Amma sun bar ki. Ba kya gani? Wurina suke zuwa."

"Ina gani. Shekara nawa ina roƙon Ubangiji ya kawo wanda zai raba ƙafafun nan da ni? Bara har goma sha suke taruwa, bayana kamar zai karye. Ga shi ya kawo."

Wannan ta fi komai ƙona ni. Ashe duk zaman da na yi ina jin zafinta, ita lissafa ni take cikin abubuwan da aka ba ta. Na ce mata Malam ya ce in ba da shaida, kuma zan tashi gaban kowa in faɗi yadda aka yi, daga farko har ƙarshe, in wanke ta.

Ta miƙe tsaye, ta dafa ƙugu, ta dube ni sosai. Ban taɓa ganin ta dube ni haka ba.

"Ki wanke ni a wurin wa? Ni na ce miki na yi datti? Ke dai, Auta, ko laifinki ma so kike a taru a kalla. Ki tashi, ki yi kuka, a ce kai, yarinyar nan akwai gaskiya. A tashi daga sujadar Lahadi ana maganarki."

Gaskiyarta ce, don tun a hanya na riga na shirya jimlar da zan fara da ita, har da inda zan ɗan tsaya.

"Ƙafar ta majami'a ce?" ta ce. "Mai ƙafar ko ran Lahadi ba ya zuwa." Ta duƙa ta ci gaba da yankanta. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "In ba za ki kama mini ba, matsa, kin tare mini haske."

Na kama mata. Ban iya riƙe magirbi kamar da ba, na yanke a yatsa, ta yi mini dariya. Ban daina jin haushinta ba, kuma ban san ranar da zan daina ba. Na gaya wa Ubangiji haka jiya, a taƙaice.

Damin nan biyu na sa an kai ƙofar rumbunta, in ta ga dama ta yi faɗa. Zakaran na ba 'yan matanta. Malam na gaya masa ba zan ba da shaida ba, ya tambaye ni dalili, na ce zai ji amma ba shi ne na farko ba. Gobe in na gama juyin safe zan kama hanyar Aujara a ƙasa. Zan yi sallama a ƙofar gidan mutumin, in ce ya fito mu tsaya inda ba kowa, in gaya masa a hannun wa ya tsinke, da abin da na gaya masa game da ciyawa don ya miƙo mini ƙafar, da cewa wadda ta nome masa gona ba ta da abin da take ramawa. Wanda zai ji bayan haka, shi zai zaɓa.